Albarushi da harsashi a cikin gida: amsar tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Tun ina riƙe wa mahaifina burgami nake shiga daji, yau sama da shekara talatin ke nan. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, sai zaman majalisa a unguwar Rigasa da ke Kaduna bayan la'asar, inda samarin maharba da 'yan sintiri ke zuwa da tambayoyinsu. Tambayoyin ba sa canzawa. Wanda na ba amsa jiya shi zai turo ƙaninsa yau da ita. To ga su nan a rubuce, duk wanda ya sake zuwa zan ce ya karanta tukuna.

Baba, harsashi ya yi tsada. Zan iya tara kwanson da na harba in sake cika shi a gida?

A'a. Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi ko haɗa shi in ba a wuraren da gwamnati ta keɓe ba. Domin wannan aikin aka kafa kamfanin DICON a nan Kakuri tun 1964, da injiniyoyinsa da ma'aunansa. A Amurka, inda dokarsu ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida, suna da sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, suna da littafin awo na kowane irin gari, amma duk da haka bindiga na fashe musu a hannu. Kai kuma da murfin kwalba za ka auna.

Ai akwai wanda na sani yana yi shekara da shekaru, ba abin da ya same shi.

Ni kuma na san wanda abin ya sama. Yaro ne mai natsuwa, ɗan abokina, ba ya shaye-shaye. Yana zaune a zaure yana ɗura wa adakarsa, wato bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki, albarushi aka kira shi a waya. Ya gama magana, ya manta ya riga ya zuba, ya ƙara wani a kai. Washegari a gona ya harbi zabo. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagu ke tallafe da shi. Ni na ɗaure masa hannun da rawanina kafin a samu mai babur, kuma har yau ina tuna yadda yake ta tambayata ko yatsunsa suna nan. Uku babu. Mai yi shekara da shekarun nan da kake faɗa, ranarsa ce ba ta zo ba.

In na fasa harsashin zamani na zuba garinsa a bindigar toka fa?

Kada ka kuskura. Baƙin albarushi daban, garin harsashin zamani daban. Na zamanin ba ya hayaƙi sosai, amma ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya ninka na baƙin nesa ba kusa ba, kuma ba don shi aka yi ƙarfen adaka ba. Kada kuma ka gauraya su. Duk garin da aka ba ka a ƙunshin leda ba ka san asalinsa ba, kada ya shiga bindigarka.

Ƙara albarushi ba ya ƙara nisa?

Abin da yake ƙarawa shi ne dukan kafaɗa da gajiyar ƙarfe. Mafi yawan adakar da ke hannun mutanenmu da bututun ruwa ko wani ƙarfen gwangwan aka yi ta, kuma bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa. Ta wannan ɗinkin yake buɗewa. In naman ya yi maka nisa, ka matsa kusa ko ka ƙyale shi.

Bindigar gargajiya ma sai da lasisi?

E. Dokar ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai baki ɗaya ko baki biyu ta harbin tsuntsu kuwa, wannan na Sufeto Janar ne. Gado ba lasisi ba ne, katin ƙungiya ma ba lasisi ba ne. Kuma ko kana da takarda, ba a farauta a gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari.

Na ja kunama ta ƙi tashi. Ko kuma na tarar da bindigar marigayi a bayan ƙyaure, ban san ko da ɗuri a ciki ba. Yaya zan yi?

To wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ban ga bindigarka ba, saboda haka ka ɗauki maganata da lura.

Abu na farko ba ya canzawa ko wace iri ce: kada ka sauke ta daga inda ka nufa, kada ka juyo da bakinta, kada ka leƙa. Albarushin da ya sha danshi yakan kama wuta a hankali, ya yi shiru kamar ya mutu, can kuma ya tashi. A daminar Kaduna, wajen watan Agusta, wannan ba baƙon abu ba ne, don baƙin albarushi yana jan laima ko yana cikin ɗaki. Ka riƙe ta haka, bakinta na kallon inda babu mutum babu dabba, aƙalla minti ɗaya cikakke. In adaka ce ni nakan ce a ƙara, don ita ta fi jinkiri. Ka ƙirga da bakinka, domin a irin wannan lokacin daƙiƙa goma sai ka ji kamar minti.

Bayan nan ya danganta. In mai karyawa ce ta harsashi, ka buɗe ta fuskarka na gefe, ka cire harsashin, kada ka sake gwada shi. Sannan ka duba cikin bututun ta baya, ta inda harsashi ke shiga, ka tabbatar kana ganin haske sarai. Wannan ya fi muhimmanci idan ta tashi amma ƙarar ba ta kai yadda ka saba ji ba, ko ba ta daki kafaɗarka ba. Sau da yawa ma'anarsa wani abu ya maƙale a tsakiyar bututu. Wanda ya sa wani harsashin a kan wannan ya harba, shi ne ake kawowa da fuska a fashe.

Adaka ta fi wuya, don ba a buɗe ta ta baya. Abin da iyayenmu ke yi, kuma na ga amfaninsa, shi ne tun bindiga tana wofi ka zura sandar da kake danna ɗuri da ita har ƙasa, ka yi mata alama daidai bakin bututu. Duk ranar da ka yi shakka, ka cire abin da ke tayar da wutar tukuna, sannan ka zura sandar, yatsunka a gefe, kanka nesa da bakin. In alamar ta tsaya a sama, akwai kaya a ciki. In ta yi sama fiye da yadda ta saba a ɗuri ɗaya, to biyu ne, ko kuma ɗurin bai zauna a kan garin ba, an bar fili a tsakani. Duk biyun suna fasa bututu. Amma wannan dabarar tana aiki ne ga bindigar da ka sani. Ta marigayi da ta shekara biyar a jingine, babu alama a sandarta, tsatsa ta ci cikinta, ba ka san me ya zuba ba, wataƙila ma zanzaro ya gina ɗaki a bakin. Wannan ba zan ce ka harba ta don ka huta ba, ba kuma zan ce ka sa ƙarfe ka tono ba, don ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi, kuma albarushi ba ya mutuwa don ya tsufa. Zuba ruwa ta baki yana rage haɗari, amma kada ka ɗauka ya gama aiki, ɗurin da aka danna da kyau yakan hana ruwan isa ƙasa. Ka nemi maƙerin da ke da izinin gyaran bindiga, ko kuma, tunda lasisin ba da sunanka yake ba, ka je ofishin 'yan sanda ka yi bayani kafin ka ɗauke ta daga gidan. Ba abin kunya ba ne, ɗana. Na fi son ka zo ka ce mini ka ji tsoro.

Don me ake hana zuba gari kai tsaye daga gora bayan an yi harbi?

Don garwashi na iya saura a cikin bututu. In ya kama, wutar za ta bi garin ta hau har cikin gorar da ke hannunka. Ka saurara kaɗan, ka goge ciki, ka zuba a ɗan ma'auni daban. Ko masu harbin hawan sallah, da babu harsashi a bindigarsu, suna ƙonewa ta wannan hanyar.

Ina narka dalmar tsohon batir a murhun gida, akwai matsala?

Kai, ka ji tsoron Allah game da 'ya'yanka! A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda suke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar. Ba ta ciwo nan take, ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali, kuma tana taɓa mai ciki da abin da ke cikinta. Ga shi ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa a narkakkiyar dalma sai ta fantsamo maka a ido. Tukunyar da kuka narka a ciki kada a sake dafa komai da ita.

Ina da laya, an ce bindiga ba ta fashe wa mai ita.

Yaron da na ba ku labarinsa da guru a ƙugunsa ranar.

Harsashi mai lamba 20 zai shiga bindiga mai lamba 12?

Zai shiga, shi ne ma masifar. Na 20 ya fi na 12 siranta, sai ya zame ya wuce ciki ya maƙale, ka duba ka ga kamar babu komai, ka sa na 12 a bayansa. Kada ka haɗa su a aljihu ɗaya.

A ina zan ajiye kayana?

Ba a ƙarƙashin katifa ba, ba kusa da murhu ko janareta ko maganin sauro mai hayaƙi ba. Bindiga a wofi, a kulle, gari da harsashi a wani wurin daban, makulli a jikinka. Kada ka shigo gida da ɗuri. Yaro ɗan shekara bakwai ya san inda kake ɓoye komai, kai ne kake zaton bai sani ba.

In tsautsayi ya faru, asibiti za su karɓe mu ba takardar 'yan sanda?

Dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya fara kula da mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, su ne za su sanar da hukuma daga baya. Saboda haka kada ku ɓoye shi a ɗaki kuna shafa masa toka ko man juye. Ku danne raunin da tsumma mai tsafta, ku danne da ƙarfi, kada ku ciro abin da ya nutse a nama. In a cikin gari kuke, ga asibitin Barau Dikko. In ta wajen Zariya ne, ga asibitin Shika. In kuma ido abin ya taɓa, kada a murza, kada a ɗiga komai, a rufe shi da wani abu mai tauri da ba zai danne ƙwayar ba, a wuce da shi asibitin ido na ƙasa da ke nan Kaduna a ranar.