Bizar 494 ta Ostareliya

Bizar 494 izinin zama ne na wucin gadi da gwamnatin Ostareliya ke bai wa ƙwararren ma'aikaci ɗan ƙasar waje, idan wani mai aiki, wato mai ɗaukar ma'aikata, a yankunan da ke wajen manyan birane ya ɗauki nauyinsa. An fara bayar da ita ranar 16 ga Nuwamba, 2019, a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 1958, kuma ita ta maye gurbin biza mai lamba 187. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke kula da ita.

Dalilin ƙirƙiro ta a fili yake. Baƙi sun fi tururuwa zuwa Sydney da Melbourne, yayin da asibitocin ƙananan garuruwa da gonaki da garejoji ke neman hannu ido rufe. Sai dai abin da doka ta kira "yanki" ya fi ƙauye faɗi nesa ba kusa ba: ko'ina ne ban da Sydney da Melbourne da Brisbane. Har Perth da Adelaide da Canberra, babban birnin ƙasar, suna ciki.

Nauyi na farko a wuyan mai aikin yake. Dole ya samu amincewar hukuma a matsayin mai ɗaukar nauyi, ya tallata gurbin don nuna cewa bai samu ɗan ƙasa da ya dace ba, sannan wata hukumar yankin ta duba ko albashin da ya yanka daidai yake da abin da ake biyan 'yan ƙasa a irin wannan aiki. Akwai kuma mafi ƙarancin albashi, wanda ya tsaya a kan dalar Ostareliya 53,900 a shekara tun 2013, aka ɗaga shi zuwa 70,000 a Yulin 2023, sannan 73,150 a 2024. Mai aikin zai kuma zuba dala 3,000 ko 5,000, gwargwadon girman kasuwancinsa, a asusun horar da 'yan ƙasa. Haramun ne ya karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don ya ɗauki nauyinsa. Tun 2015 doka ke hukunta mai karɓa da mai bayarwa.

Shi kuwa ma'aikaci ana son bai kai shekara 45 ba, ya yi aƙalla shekara 3 a sana'ar, an tantance ƙwarewarsa, kuma yana jin Turanci daidai gwargwado. Yana iya zuwa da iyalinsa.

Bizar ta shekara 5 ce, amma da igiya biyu: ɗaya ta ɗaure shi da yankin, inda dole ya zauna ya yi aiki, ɗaya kuma da uban gidan da ya kawo shi. Bayan shekara 3 yana iya neman zama na dindindin ta biza mai lamba 191. A nan ta bambanta da tsohuwar 187, wadda ke bayar da zaman dindindin tun daga farko.

Igiya ta biyun ce aka fi suka, kuma da gaskiyar masu sukar. Wanda zamansa ya rataya a hannun mutum ɗaya ba ya saurin kai ƙara idan aka zaftare masa albashi, musamman a ƙaramin garin da babu wani mai ɗaukar irin sana'arsa. Daga 1 ga Yuli, 2024 an ƙara wa wanda ya rabu da uban gidansa wa'adi zuwa kwana 180 don ya nemi wani, kuma yana iya yin wani aikin a tsakani. Yankunan da ƙarancin ma'aikata ya yi wa katutu, irin su Yankin Arewa mai hedikwata a Darwin, suna da yarjejeniya ta musamman da gwamnatin tarayya da ke sassauta wasu sharuɗɗan shekaru da Turanci da albashi.