Makabartar bayan gari a ƙauyukan Kano da Jigawa

Makabarta, ko maƙabarta, ko kushewa a bakin tsofaffi, fili ne da gari ke warewa don binne mamatansa, yawanci a bayan gari kusa da gonaki. A karkarar Kano da Jigawa galibi wani ne ya bada gonarsa sadaka ko mai gari ya yanka tun zamanin kakanni, shi ya sa ba a sayar da wajen kabari, kuma babu wani ɓangare da aka keɓe wa dangin wane. Inda layi ya tsaya nan za a haƙa.

A da manyan gidaje kan binne nasu a cikin gida, yanzu abin ya ragu sosai sai dai ga sarakai da wasu manya. Sarkin Kano Ado Bayero a gidan Nassarawa aka sa shi a 2014, Malam Aminu Kano kuma a gidansa na Mumbayya a 1983. Sauran jama'ar birni sai irin su Dandolo ta Goron Dutse da ta Tarauni, waɗanda da can bayan gari ne amma yanzu gidaje sun zagaye su, shi ya sa wasu iyalan in nasu ya rasu a asibiti a birni gara su ɗauko mota a kawo shi makabartar ƙauyensu kusa da iyayensa, in dai ba za a kwana ba, don jinkirta jana'iza ba abin so ba ne.

Zaɓin da ya rage wa iyali kaɗan ne, kuma gaskiya ƙasar wajen ce ke yanke hukunci. Haƙa iri biyu ce. Akwai lahadu, wato a rarake gefen ramin ta wajen alƙibla, malaman Malikiyya sun fi son shi in ƙasar na da ƙarfi. Akwai kuma wanda aka fi sabawa da shi, babban rami da ƙarami a tsakiyarsa daidai kwanciyar mutum, shi ne ya dace da rairayin Jigawa mai zubewa. Ana kwantar da mamaci kan hannun dama yana kallon gabas, a jera itace ko fasassun tukwane a sama, a toshe kafofin da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yadda ko kaɗan ƙasa ba za ta zuba masa ba, sannan a tura. Itace na saurin ruɓewa saboda gara, tukwane sun fi daɗewa amma ba ko'ina ake samu ba. Ginin siminti kan kabari kuwa malamai na ƙyamarsa, reshe ko dutse ya isa alama.

Babban ciwon kan shi ne damina. Kaburbura na ruftawa, musamman a yankin Haɗejia da Auyo da Ringim inda ambaliya ke yawan zuwa, sai samari su yi gayya da shebur da baro su cike. Ga manoman gefe masu cin iyaka kaɗan-kaɗan, ga awaki, in ba kuɗin katanga sai dai shingen ƙaya, shi ma duk shekara sai an sabunta.