Zaɓen tumun dare: Waiwaye kan yadda ƙungiyoyin NFL ke lalube wajen ɗaukar kwatabak

A ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano da kafaɗun roba, babu gurbin da ya kai na kwatabak tsada da ciwon kai. Shi ke karɓar ƙwallo a kowane hari, ya karanci tsayuwar abokan hamayya, ya jefa wa wanda ya dace kafin ƙarti su danne shi, duk cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka. Daga jami'o'i ake samo su. Tun 1936 hukumar NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ke shirya zaɓen sababbin 'yan wasa kowace shekara, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar baya ita ke fara ɗauka. Shekara kusan 90 ke nan, har yau ba a samo ma'aunin da ke nuna wane yaro ne zai yi abin kirki ba.

Da farko ido ne kawai da jita-jita. A 1955 ƙungiyar Pittsburgh ta ɗauki Johnny Unitas a zagaye na 9 na zaɓen, ta sallame shi tun kafin a fara kaka. Ya koma buga wasan unguwa a kan dala 6 kowane wasa, kafin Baltimore ta kira shi a 1956 ya zama gwarzon zamaninsa. A 1979 sai da aka kai mutum na 82 kafin San Francisco ta ɗauki Joe Montana, ana cewa hannunsa ba shi da ƙarfin jifa. Kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, huɗu ya kawo mata.

Idon nan kuwa ba a wanke yake ba. An daɗe ana raya cewa baƙar fata ba shi da kan jagorantar wasa, sai a ce ya koma gurbin masu gudu. Warren Moon ya ƙi, don haka a 1978 ba wanda ya ɗauke shi. Ya tafi Edmonton a Kanada, ya ci kofin ƙasar sau biyar a jere, sannan Houston ta zo da kuɗinta a 1984. Kada a ɗauka abin ya wuce da wancan zamani: a 2018 Bill Polian, tsohon manajan da ake ji da shi, ya ce gara Lamar Jackson ya koma mai cafe ƙwallo. Aka bar shi har na 32. A kakar 2019 aka zaɓe shi gwarzon NFL ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba.

Don a rage dogaro da ido ne aka shigo da awo. A 1982 aka fara tara samari wuri guda ana gwada su, kuma tun 1987 birnin Indiyanafolis ke karɓar taron. Ana sa yaro ya tuɓe ya saura gajeren wando, a auna tsayinsa da nauyinsa, ya ware tafin hannu a ɗora abin awo daga babban yatsa zuwa ƙaramin, ya yi tseren yadi 40. A da har da jarrabawar Wonderlic ta gwajin ƙwaƙwalwa, tambaya 50 cikin minti 12, wadda aka cire daga taron a 2022. Hoton Tom Brady na wannan taro a 2000 har yau yana yawo a intanet: dogon yaro, kafaɗu a zube, ba alamar ƙwanji. Tserensa ya ɗauki daƙiƙa 5.28, wanda a wurin tafiyar kunkuru ce. An ɗauki kwatabak shida kafin New England ta waiwaye shi a matsayi na 199. Kofi bakwai ya ci kafin ya ajiye takalmi.

Shekara biyu kafin nan, a 1998, masana sun rabu biyu kan Peyton Manning da Ryan Leaf. Da yawa sun ga Leaf ya fi ƙarfin hannu. Indiyanafolis ta ɗauki Manning, San Diego ta bi da Leaf, wanda ya gama sana'ar da jifa 14 da suka zama maki da 36 da suka faɗa hannun abokan gaba. Irin wannan ne ya sa ake binciken hali kamar za a ba mutum 'ya: a tambayi malamansa, abokan ɗakinsa, har mai wankin riguna.

Kuskuren ya yi ta tsada har ya gagari masu ƙungiyoyi. Oakland ta zuba wa JaMarcus Russell miliyoyin daloli a 2007, ta sallame shi bayan kaka uku. Sam Bradford ya samu tabbacin dala miliyan 50 a 2010 bai taka fili ba tukuna. Yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbi, sai Cam Newton, wanda aka fara ɗauka a shekarar, ya samu kimanin miliyan 22 a shekara huɗu. A ganina wannan sauyi ya ƙara wa cacar armashi ne, domin kwatabak mai araha na ba ƙungiya damar sayen ƙwararru a sauran gurabe. Shi ya sa a 2024 aka kwashi shida cikin mutum 12 na farko.

Tsofaffin ƙa'idoji ma sun sha ƙasa ɗaya bayan ɗaya. An ce gajere ba ya hango fili, Russell Wilson ya ci kofi. An ce wanda ya fito daga tsarin jefe-jefe na jami'ar Texas Tech ba ya kai labari, Chicago ta tsallake Patrick Mahomes, ɗan jami'ar, a 2017 ta ɗauki Mitchell Trubisky. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gidan da yaro ya faɗa. Mahomes ya shekara guda a benci a hannun Andy Reid, kocin Kansas City, yana koyo. David Carr kuwa, da wata sabuwar ƙungiya ta birnin Houston ta ɗauka na farko a 2002, sau 76 aka kayar da shi a kakarsa ta farko, don babu masu tsare shi.

San Francisco ta ga fuska biyu na lamarin cikin ɗan lokaci. A 2021 ta sadaukar da zaɓenta na zagayen farko har uku don ta samu Trey Lance, wanda wasa huɗu kacal ya fara mata kafin ta tura shi Dallas. A 2022 ta ɗauki Brock Purdy na jami'ar Iowa State a matsayi na 262, na ƙarshe ƙurungus, gurbin da ake yi wa ba'a duk shekara. Shi ne ya kai ta wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024.