Dangantakar Jami'o'in Najeriya da Majalisar Tarayya

Dangantakar jami'o'i da 'yan majalisa a Najeriya ta ginu ne kan abu uku, doka da kuɗi da sa ido. Majalisar Tarayya na da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi mai zurfi cikin abubuwan da tarayya da jihohi duk suke da ikon yi wa doka, shi ya sa majalisun dokokin jihohi ma suke kafa jami'o'insu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma da dokar tsohuwar Jihar Arewa aka kafa ta a 1962, sai a 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe ta.

A aikace dai duk shekara shugabannin jami'o'in tarayya kan je gaban kwamitocin majalisa su kare kasafin kuɗinsu, 'yan kwamitin kuma su kan kai ziyarar gani da ido. Amma babban kuɗin da ake gine-gine da shi a jami'o'i ba daga kasafin yake zuwa ba, daga asusun TETFund ne. Asalinsa harajin ilimi ne da aka kafa da dokar soja a 1993 bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU, kamfanoni na biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, sai a 2011 majalisa ta sake dokar ta taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, daga baya aka ƙara harajin zuwa kashi 2.5 sannan kashi 3 a 2023. Duk wanda ya shiga BUK ko ABU ko jami'ar Danfodiyo ya ga ajujuwa da ɗakunan karatu masu tambarin asusun ya san ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka lokacin da ƙudirorin gyaran haraji na 2024 suka zo da shirin rage kason TETFund har ya ƙare a 2030, ASUU ta tayar da jijiyar wuya, kuma a nan majalisa ta saurara, dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta bar wa asusun rabin sabon harajin raya ƙasa.

Wani wurin da majalisa ta yi abin a zo a gani shi ne gyaran dokar jami'o'i na 2003 wanda ya ba majalisun gudanarwar jami'o'i ikon naɗa shugaban jami'a, da na 2012 da ya kai shekarun ritayar farfesoshi zuwa 70.

To amma inda mutane suka fi sanin wannan dangantaka shi ne lokacin yajin aiki. A 2022 ASUU ta shiga yaji ranar 14 ga Fabrairu ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur yara na zaune a gida, rigimar kuma ta yarjejeniyar da ASUU ta yi da gwamnatin tarayya a 2009 ce da batun biyan albashi ta tsarin IPPIS wanda malamai suka ƙi suka ce a yi amfani da nasu UTAS. Bayan magana ta lalace tsakaninsu da ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige har an kai kotu, kakakin majalisar wakilai na lokacin Femi Gbajabiamila ne ya shiga tsakani, ya yi ta zama da shugaban ƙungiyar na lokacin Emmanuel Osodeke, kasafin 2023 kuma ya zo da naira biliyan 470 don gyaran manyan makarantu da ƙarin albashi. Sai dai malamai sun koma aji ne bayan kotu ta umarce su, albashin watannin yajin kuma aka riƙe, wanda ya nuna iyakar ƙarfin majalisa a irin wannan lamari, tana iya roƙo tana iya sa kuɗi a takarda amma sakin kuɗin da sa hannu a yarjejeniya na ɓangaren zartarwa ne. Shi dai Gbajabiamila shi ya ɗauki nauyin ƙudirin bashin karatu na ɗalibai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, aka sake dokar a Afrilun 2024, ita ce ta haifar da NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu.

Ba kullum ake shiri ba. Da Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo ƙudirin hukunta malaman da ke neman ɗalibai da lalata, ASUU ta soke shi a zaman jin ra'ayin jama'a tana cewa an ware malamai ne kawai, majalisar dattawa kuwa ta amince da shi a 2020. Gaskiya a nan ɗalibai mata sun fi buƙatar kariya fiye da yadda malamai ke buƙatar kare suna.

Babban abin da ake zargin 'yan majalisa da shi kuwa shi ne yawan ƙudirorin kafa sabbin jami'o'i. Kusan kowane ɗan majalisa yana so a ce shi ya kawo wa mazaɓarsa jami'a, ko ta noma ko ta lafiya ko ta fasaha, alhali tsofaffin suna fama da cunkoson ɗakin kwana da rashin wuta da malamai masu ficewa ƙasashen waje, kuma duk sabuwar da aka kafa daga tukunya ɗaya ta TETFund za ta ci, kason kowa ya ragu. ASUU ta daɗe tana kuka da wannan tana cewa an mayar da jami'a aikin mazaɓa kamar rijiyar burtsatse. A watan Agustan 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara 7, ministan ilimi Tunji Alausa ne ya sanar, yana mai cewa akwai makarantun da ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa.