Izinin gaggawa da gwajin garkuwar korona: me dokar Amurka ta yarda da shi?

A ranar 6 ga Nuwamba 2020 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta ba wani gwajin jini mai suna cPass izinin gaggawa. Shi ne na farko da ta yarda ya nemo sojojin jiki masu tare ƙwayar korona. Kamfanin GenScript ne ya fitar da shi kasuwa, amma aikin ya faro ne a makarantar likitanci ta Duke-NUS da ke Singafo, a hannun Farfesa Wang Linfa da tawagarsa.

Ba kowane soja da jiki ya samar ke hana cuta shiga ba. Wasu manne wa ƙwayar kawai suke yi, wasu kuwa su toshe ƙayar da take buɗe ƙofar tantanin jiki da ita. Waɗannan na biyun ake nema. A da, sai an yi aiki da ƙwaya mai rai a ɗakin bincike mai tsauraran matakan tsaro, a kwashe kwanaki. Shi cPass yana gamawa cikin kimanin awa ɗaya, ba tare da ƙwaya mai rai ba, sai dai a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, ba a gida ba.

Izinin gaggawa ya fito ne daga sashe na 564 na dokar abinci da magunguna ta tarayya. Idan sakataren lafiya ya ayyana halin gaggawa, FDA na iya barin a yi amfani da kayan da ba ta gama tantancewa ba, muddin akwai hujjar cewa za su iya aiki, amfaninsu ya rinjayi haɗarinsu, kuma babu wadataccen madadin da aka riga aka amince da shi. Izini ne na wucin gadi, ana iya janye shi.

Hukumar ta taɓa yin sake. A ranar 16 ga Maris 2020 ta bar kamfanoni su sayar da gwajin garkuwa, wato mai nemo sojojin jiki a jini, ba tare da ta duba ba, su dai tantance shi da kansu su sanar da ita. Kasuwa ta cika da na banza. Ranar 4 ga Mayu ta gyara: kowane kamfani ya kawo hujjojinsa cikin ranakun aiki 10, gwajin ya gano kashi 90 cikin ɗari na masu garkuwar, ya kuma ware kashi 95 na marasa ita daidai. A ganina wannan makonni bakwai sun yi ɓarna ƙwarai, domin mutane sun gina shawarar rayuwarsu a kan sakamakon ƙarya.

Wurin da ya fi damuna shi ne yadda ake karanta sakamakon. Izinin cPass ya tsaya kan cewa gwajin na gano sojojin; bai ce mai su ya tsira daga kamuwa ba. A ranar 19 ga Mayu 2021 FDA ta gargaɗi jama'a kada su auna kariyarsu da irin wannan gwaji, musamman bayan allurar rigakafi. Tun a Yuni 2020 kuma hukumar EEOC, mai hana wariya a wuraren aiki, ta ce mai ɗaukar ma'aikata ba shi da hurumin tilasta wa ma'aikaci gwajin garkuwa kafin ya koma bakin aiki, ko da yake ta yarda a yi masa gwajin da ke nuna ko yana ɗauke da ƙwayar a lokacin.