Magungunan Ciwon Daji da Aka Samo daga Tsirrai

Magungunan ciwon daji da aka samo daga tsirrai su ne sinadaran da ake cirowa daga ganye ko ɓawo ko saiwa ko irin wasu itatuwa, a tace su, a auna su, sannan a yi amfani da su wajen kashe ƙwayoyin sankara ko hana su yaɗuwa a jikin ɗan adam. Wasu daga cikinsu ana ba da su kamar yadda tsiron ya ƙera su, wasu kuma sai masana sinadarai sun ɗan sauya ƙirarsu kafin jiki ya iya ɗaukarsu. Muhimmancin wannan fanni yana da nasaba da girman cutar kanta, domin ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 20 ne suka kamu da ciwon daji, kusan miliyan 9.7 kuma suka rasu sanadinsa.

Tsiro ba ya iya gudu daga abin da zai ci shi, saboda haka yakan kāre kansa da ɗaci da guba. Yawancin sinadaran da suka zama magungunan sankara irin wannan guba ce, wadda aikinta shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa gida biyu. Tun da ƙwayoyin sankara suna rabuwa ba ƙaƙƙautawa, gubar ta fi yi musu illa fiye da lafiyayyun ƙwayoyi, amma ba ta barin lafiyayyun gaba ɗaya, musamman na ɓargo da hanji da tushen gashi waɗanda su ma suke saurin sabuntawa. Dalilin da ya sa mai karɓar irin wannan magani yakan yi fama da zubewar gashi da ƙarancin jini da tashin zuciya ke nan.

Furen Madagaska

Na farko da ya yi suna shi ne wani ɗan tsiro mai fure ja-ja ko fari, ɗan asalin tsibirin Madagaska, wanda masana ke kira Catharanthus roseus, kuma ana shuka shi domin ado a gidaje da yawa na ƙasashe masu zafi. A Jamaika mutane suna shan ruwan ganyensa domin ciwon sukari, kuma wannan labari ne ya sa Robert Noble na wata jami'a a lardin Ontariyo na Kanada ya gwada shi a kan ɓeraye. Sukarin jininsu bai sauka yadda aka zata ba, sai dai fararen ƙwayoyin jininsu ne suka ragu ƙwarai, har cututtuka suka riƙa kashe su. Noble da abokin aikinsa Charles Beer suka lura cewa abin da ke rage fararen ƙwayoyin jini zai iya amfanar mai sankarar jini, wanda matsalarsa ita ce yawan waɗannan ƙwayoyi fiye da kima. A 1958 suka ba da rahoton sinadarin da aka sa wa suna binbilastin, daga baya kuma masu bincike na kamfanin Eli Lilly suka ware ɗan'uwansa binkiristin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963.

Sinadaran biyu suna manne wa wani furotin mai suna tubulin, wanda ƙwayar halitta ke haɗawa ta yi siraran zare da take jan kayan gadonta da su zuwa gefe biyu a lokacin rabuwa. Idan zaren bai haɗu ba, rabuwar ta tsaya, ƙwayar kuma ta mutu. Binkiristin ya zama ginshiƙi a haɗin magungunan da ake yi wa yara masu sankarar jini, cutar da a farkon shekarun 1960 ba a cika samun yaro ɗaya cikin goma da ya tsira daga gare ta ba, alhali yau a ƙasashen da ke da cikakkiyar kulawa kusan tara cikin goma suna rayuwa. Ba shi kaɗai ya kawo wannan nasara ba, amma da wuya a ba da tarihinta ba tare da shi ba. Yana kuma cikin magungunan da asibitocin Afirka, har da na Nijeriya, ke amfani da su a kan sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin ƙananan yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar sinadarin a cikin ganyen. Ana buƙatar ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram guda, kuma maganin ta jijiya ake ba da shi. Wanda ya dafa ganyen ya sha ba zai sami abin da zai taɓa sankara ba, sai dai ya sha tarin wasu sinadarai masu yawa da ke cikin ganyen waɗanda ba a auna ba.

Ɓawon itacen Taxus

A 1960 Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka ta soma wani gagarumin shiri na tattara tsirrai daga sassan duniya, inda cikin shekaru ashirin da ɗoriya aka gwada samfura sama da 100,000 na abubuwan da aka tatso daga tsirrai. Kaɗan ne ƙwarai suka kai ga zama magani. A 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya ɗebo ɓawon Taxus brevifolia, wani itace mai jinkirin girma, daga dazukan jihar Washinton. Monroe Wall da Mansukh Wani suka ware sinadarin da ke cikinsa, suka wallafa ƙirarsa a 1971, amma aka yi shekaru ba a damu da shi ba saboda wuyar samu da wuyar narkewa a ruwa. Sai a 1979 Susan Horwitz ta nuna a Niyok cewa yana aiki ta hanyar da ba a taɓa gani ba: maimakon ya hana zaren tubulin haɗuwa, sai ya ƙanƙame shi ya hana shi warwarewa, sakamakon kuma ɗaya ne, ƙwayar ta kasa rabuwa.

An amince da wannan sinadari mai suna faklitaksel, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Taxol, a 1992 domin sankarar gidan ƙwai na mata, a 1994 kuma domin sankarar mama. Wato shekara talatin cif tsakanin ɗebo ɓawon da shigar maganin asibiti. Matsalar da ta biyo baya ita ce sassaƙe ɓawon yana kashe itacen, kuma maganin mutum ɗaya yana cin itatuwa da dama da suka yi shekaru masu yawa suna girma. Mafita ta zo daga Faransa, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka samo wani sinadari makusanci a ganyen Taxus baccata na Turai, wanda ake tsinkewa ya sake tohowa, kuma daga gare shi aka haɗa dosetaksel, ɗan'uwan faklitaksel. A yau ana samar da faklitaksel mai yawa ta hanyar renon ƙwayoyin itacen a manyan tankuna, ba tare da an sare ko reshe ba.

Sauran magunguna

Wall da Wani ne kuma suka ware kamtotesin a 1966 daga wani itacen ƙasar Sin, Camptotheca acuminata. Gwajin farko a kan mutane bai yi kyau ba saboda tsananin gubarsa, aka ajiye shi har zuwa 1985 da aka gano cewa yana toshe wani furotin da ke warware murɗin DNA, wato kayan gadon ƙwayar halitta. Daga nan aka ƙera irinotekan da tofotekan, na farkon yana cikin manyan magungunan sankarar hanji. Etofosaid kuwa an haɗa shi ne a Suwizalan daga gubar saiwar Podophyllum, an amince da shi a Amurka a 1983, ana kuma amfani da shi a sankarar maraina da wani nau'in sankarar huhu. Daga wani ɗan itacen Habasha na dangin Maytenus aka samo maitansin a 1972, shi ma guba ta hana a yi amfani da shi, sai bayan shekara arba'in aka ɗaura wani danginsa a jikin furotin da ke neman ƙwayar sankarar mama kai tsaye, aka amince da haɗin a 2013.

Sinadaran abinci da maganin gargajiya

Akwai wani rukuni dabam da ake yawan magana a kansa, wato sinadaran da ke cikin kayan abinci da kayan ƙamshi, irin su kurkumin na kurkur, da sinadaran tafarnuwa da koren shayi da zogale. Da yawansu suna kashe ƙwayoyin sankara a cikin kwalbar gwaji, wasu ma suna rage ƙari a jikin ɓera. Sai dai kwalba ba jikin mutum ba ce. Kurkumin, alal misali, kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini, abin da ya shiga kuma hanta na saurin sarrafa shi, don haka adadin da ya yi aiki a ɗakin gwaji ba ya isa wurin ƙarin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka amince da shi a matsayin maganin sankara, ko da yake cin ganye da 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a surfe ba yana da alaƙa da raguwar haɗarin wasu nau'o'in cutar, musamman ta hanji.

Gwaji a kan mutane ya sha ba da sakamakon da ba a zata ba. An yi tsammanin ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, za su kāre masu shan taba daga sankarar huhu, amma babban binciken da aka yi a Finlan, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna cewa cutar ta ƙaru da kimanin kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha su. Haka kuma maganin da aka yi ta tallatawa da sunan Laetrile, wanda ake samu daga ƙwallon wasu 'ya'yan itatuwa, an gwada shi a kan majinyata 178 a Amurka, sakamakon da ya fito a 1982 kuma bai nuna wani amfani ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanaid, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. Akwai ma tsirran da su kansu ke jawo sankara, kamar dangin Aristolochia, waɗanda sinadarinsu ke lalata ƙoda yana haddasa sankarar hanyar fitsari, kamar yadda aka gani a Beljiyam a farkon shekarun 1990 a jikin matan da suka sha wani haɗin rage ƙiba.

Wannan ba ya rage darajar ilimin masu maganin gargajiya, domin labarin masu shan ganye a Jamaika ne ya kai Noble ga furen Madagaska, ko da yake cutar da suke sha dominta dabam ce. Hatsarin da likitocin sankara a Afirka ta Yamma suka fi kokawa a kai shi ne jinkiri, inda mai ƙulli a mama takan shafe watanni tana shan jiƙo da sassaƙe, ta iso asibiti bayan cutar ta bazu, lokacin da tiyatar da za ta iya warkar da ita ta riga ta wuce. Wasu tsirran kuma suna sauya yadda hanta ke sarrafa magungunan asibiti, shi ya sa ake son majinyaci ya sanar da likitansa duk abin da yake sha.

Haƙƙin ƙasashe da sababbin hanyoyi

An daɗe ana kawo misalin furen Madagaska a muhawarar wanda ya kamata ya ci moriyar tsirran ƙasa, ganin cewa kamfanoni sun sami riba mai yawa daga gare shi, ƙasar da tsiron ya fito kuwa ba ta sami rabo ba. Yarjejeniyar kāre halittu da aka sanya wa hannu a Riyo a 1992, da ƙa'idar Nagoya ta 2010 wadda ta soma aiki a 2014, sun tanadi cewa a nemi izinin ƙasa kafin a ɗebi tsirranta domin bincike, a kuma raba amfanin da ita da al'ummomin da suka riƙe ilimin.

Ta fuskar samarwa kuma, a 2022 wasu masu bincike da suka yi aiki a Denmak sun ba da rahoton cewa sun yi wa yis gyare-gyaren gado har 56, ya riƙa ƙera sinadarai biyu da ake haɗawa a sami binbilastin, daga sukari da sauran abincin da ake ba shi a cikin tanki. Adadin da aka samu a wannan gwaji ƙanƙane ne, don haka har yanzu daga gonakin furen a ƙasashe irin su Indiya da Madagaska ake samun ganyen da ake tatso binbilastin da binkiristin.