Ma'anar “tuna” a wurin masu rediyon sha'awa

Tuna akwati ne da ake sakawa tsakanin na'urar watsa magana da eriya don daidaita su. An ƙera na'urorin yanzu ne su yi aiki da om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), shi kuwa dogon zaren waya da aka ɗaura a bishiya yana iya nuna om ɗaruruwa ko dubbai, gwargwadon zangon da ake kai. Idan suka saɓa, wani ɓangare na ƙarfin sai ya dawo baya. Abin da mitar SWR, wato ma'aunin wannan saɓani, ke aunawa ke nan: a 1:1 ba abin da ke dawowa, a 2:1 kusan kashi 11 cikin ɗari ke dawowa, a 3:1 kashi 25. Tun daga wajen 2:1 yawancin na'urori ke rage wuta da kansu don kada tiransistocinsu su ƙone.

Mafi sauƙin haɗawa a gida shi ne mai siffar L: koyil (naɗaɗɗiyar waya) ɗaya, kondensa (ma'ajiyar cajin lantarki) mai juyawa ɗaya. A naɗa wayar tagulla mai kauri sau 30 a kan fayif na roba mai faɗin santimita 5, naɗin ya kai tsawon santimita 7.5. Zai ba da kusan mikrohenri 23. A fitar da kunne, wato wurin haɗa waya, duk bayan naɗi uku, a riƙa zaɓa da ɗan kilif mai kama waya. Kondensar ta kai pikofarad 250 ko fiye. Idan eriya ta haura om 50, kondensar a ɓangaren eriya take zama. Idan ta gaza, a mayar da ita ɓangaren na'ura. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe, su yi ta murɗawa allurar mitar SWR ta ƙi sauka.

A saita da wat 5 zuwa 10, kuma kada a canza kunnen koyil ana cikin watsawa. Kondensar tsohuwar rediyo, mai faranti a matse, takan yi tartsatsi a wat 100. Da an ji “ƙyas-ƙyas” a saki makunni.

Sai dai tuna ba ta gyara eriya. Na'ura kawai take nuna wa om 50, amma a kebul ɗin da ya wuce ta SWR na nan yadda yake, kuma siririn kebul irin RG-58 mai tsawo zai mai da ƙarfi mai yawa zafi. Shi ya sa ya fi kyau a kai tunar gindin eriya, a haɗa mata wayar ƙasa mai kyau. Koyil da ke ɗumama bayan minti ɗaya a megahaz 3.5 alama ce wutar a cikin akwati take ƙarewa, ko da mita ta nuna 1:1.